Ba Sandar Ba Ce, Alhaji

Wata cuta ta kama masu buga golf na sha'awa a Kano da Kaduna da Abuja: duk wanda ƙwallonsa ya karkace ya faɗa cikin bishiyoyi, sai ya ɗora wa sanda laifi. Kafin mako ya zagayo ya aika Dubai ko Ingila an sayo masa sabuwa, da kuɗin da zai noma gona guda a Lajawa har girbi. Ya koma fili, ƙwallo ya sake bin hanyar da ya saba.

Bari mu fara da abin da kamfanonin ba sa so a yi ta faɗa. Hukumomin biyu da ke tsara dokokin wasan, R&A da USGA, sun ƙayyade girman kan babbar sandar da ake buɗe rami da ita, wato direba, tun 2004: kada ya wuce 460cc. Sun kuma sa iyaka ga yadda fuskarta za ta iya cilla ƙwallo. Ke nan direban bana da na shekara biyar da suka wuce duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke. A fili mai rami 18, da wuya ka zare ta fiye da sau 14, kai da kake gama zagaye da bugu ɗari ko fiye. Ina sauran tamanin da 'yan kai? Su wa za ka aika ya sayo maka?

Aikina rubuta manhaja ne, kuma akwai ƙa'idar da ko ɗalibin shekarar farko ya sani: in manhaja ta ƙi aiki, abu ɗaya ake sauyawa a gwada, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya sauya layi goma lokaci guda, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba. To ga mai golf ɗinmu: ranar Asabar ɗaya ya sauya sanda, ya sauya riƙo saboda wani bidiyo na YouTube, ya gyara tsayuwa saboda abokinsa ya ce, ya sayi wani irin ƙwallo. In ya yi kyau, ya ce sanda ce. In ya ɓaci, ya ce iskar hunturu ce. Bai rubuta komai ba, bai auna komai ba.

Alhali lissafin yana nan. Mark Broadie, malami a Jami'ar Columbia ta Amurka, ya bi diddigin bugu masu ɗimbin yawa ya fitar da littafinsa Every Shot Counts a 2014. Ya nuna cewa bugun da ake nufar da'irar rami da shi daga nesa ya fi kowane iri raba gwani da ɗan koyo. Wannan kuwa aikin sandunan ƙarfe ne, waɗanda Alhaji bai taɓa tsayawa ya san mita nawa kowacce ke kai masa ba.

Za a ce ai kayan aiki na da tasiri. Ƙwarai. Sandar da ta yi wa mutum tsawo ko tauri za ta cuce shi, kuma robar mariƙi da ta sulɓe dole a sauya ta. Amma wannan awo ne, kamar na tela, ana yinsa sau ɗaya a huta. Me ya haɗa shi da sayen sabon yayi duk shekara?

Ku dubi Calvin Peete, baƙar fatar Amurka. Ya karye a gwiwar hannun hagu yana yaro, hannun bai ƙara miƙewa sosai ba, kuma sai da ya haura shekara ashirin ya fara golf. Shi ne ya fi kowa saita bugun farko a gasannin PGA Tour shekara goma a jere, 1981 zuwa 1990, ya ci kofi 12. Bai kwaikwayi jikin kowa ba, ya gina bugunsa a kan hannun da Allah ya bar masa. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne malamin yana biye da kai kana ce masa yaro. Mai ɗaukar maka jaka a filin golf na Kano ya ga bugunka sau ɗaruruwa. Ya san yadda ƙasa ke ƙeƙashewa da rani har ƙwallo ya yi ta gudu, abin da mai bidiyo a kan lallausar ciyawar Florida ba zai taɓa gaya maka ba. Da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Nijeriya daga ɗaukar jaka suka taso. Amma mutum ya zuba dubban ɗaruruwa a sanda, ya tsaya yana ciniki da wannan bawan Allah a kan kuɗin mota. Ka biya shi kuɗin darasi, ka ba shi wayarka ya ɗauki bidiyonka, ka rubuta inda kowane bugu ya faɗi har zagaye biyar kafin ka taɓa aljihu.

Seve Ballesteros na Sifaniya, wanda ya ci manyan gasanni biyar, da sandar ƙarfe guda mai lamba 3 ya koyi wasan yana yaro, a kan yashin bakin teku a ƙauyensu Pedreña. Irin wannan yashi yana nan shimfiɗe a ƙarƙashin gadar Wudil duk rani, tifofi ne kawai ke zuwa ɗibarsa.