Hirar mako: albashi ko guduma?

Da zarar sakamakon jarrabawar BEPC da ta BAC ya fito, gardama guda ce ke cika majalisun dattawa da fadojin samari, tun daga Damagaram har Tawa: yaron nan, a bar shi ya ci gaba da boko, ko kuwa a kai shi gareji ya koyi abin da zai ci da kansa? Abin da ke ba ni mamaki cikin wannan gardama shi ne yadda bakuna suka sauya wuri. Ma'aikacin gomnati wanda ya share shekara ashirin yana ƙidayar kwanakin wata, shi ne ke cewa a kai yaro sana'a. Bakanike kuwa da tela da mai kanti, su ne ke rantsuwa cewa ɗansu sai ya ga ƙarshen jami'a, ya zauna ofis da farar riga, kada baƙin mai ya taɓa masa hannu. Kowane uba yana gudun wa ɗansa irin abin da ya sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma bai cika sanin na maƙwabcinsa ba.

Kukan ma'aikaci sananne ne, domin shi ke da bakin faɗa. Albashi na shiga banki, banki ya cire bashinsa tun mai shi bai gani ba. Mai gidan haya na tsaye, mai kantin unguwa ya buɗe littafinsa, ga kuɗin wuta da na ruwa, ga saƙo daga ƙauye cewa hatsi ya ƙare a rumbu. Kafin goma ga wata aljihu ya koma yadda yake. A wurin aikin ma ba sauƙi: takardar ƙarin girma ta kwana shekaru a wani ofis na Yamai, an tura mutum garin da babu gidan da zai saka iyalinsa, ko kuwa a ɗora masa shugaba wanda shi ya koya wa aikin. Wani malamin makaranta zai ce maka abin da ya fi ci masa rai ba ƙarancin kuɗin ba ne, a'a, ya tsaya gaban yaran da suka fi ƙarfin aji, babu littattafai, sa'annan a ƙarshen shekara a ce laifinsa ne da ba su ci ba.

Tsofaffin ma'aikata sun san lokacin da abin ya juya. A ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da kasuwar uraniyom ke ci, ɗalibi na karatu da kuɗin gomnati, kujera kuma na jiransa. Daga baya farashi ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, ƙofar ɗaukar aiki ta ƙuntata. Shekarun 1990 suka zo da bashin albashi na watanni da yajin aiki ba ƙaƙƙautawa, a watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga waje ya yi tsalle. A wancan zamanin ne ma'aikaci ya koyi kiwon kaji a bayan gida, matarsa ta koyi ƙulla ƙanƙara. Jama'a kuwa ba ta tsaya jiran baitulmali ba: ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ƴan kai, ta 2012 ta sami sama da miliyan 17. Jami'a guda muke da ita a da, ta Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka buɗe ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa, a 2014 aka ƙara ta Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Kowace shekara suna yaye dubbai, babu kuwa gomnatin da za ta iya ɗaukarsu duka. Mai digiri ya yi shekara biyu na hidimar ƙasa, in ya yi sa'a ya samu kwantiragin koyarwa. Shekara da shekaru ɗan kwantiragin firamare na karɓar jika 75 a wata, ita ma ba kullum take zuwa kan lokaci ba.

To, shi ya sa in ma'aikaci ya kai babur ɗinsa gyara, ya ga bakanike ya karɓi jika biyu cikin rabin awa, sai ya yi lissafi a zuci, ya ninka sau talatin, ya koma gida da baƙin ciki. Lissafin nan kuwa na wanda bai taɓa kwana a gareji ba ne. Bakaniken zai ce masa: "Mushe, kai ko kana kwance asibiti watanka na tafiya. Ni ran da ban ɗaga sifana ba, tukunya ba ta hau wuta." Gaskiya ya faɗa. Ma'aikaci na da abubuwa uku da yakan manta da su in yana ƙorafi: banki na ba shi rance saboda takardar albashinsa, rashin lafiya ba ta tsayar masa da kuɗi, in ya tsufa kuma akwai fansho, komai ƙanƙantarsa. Mai walda da idonsa ya mutu, da magini da bayansa ya riƙe, ba su da kowa sai ƴaƴansu.

Sa'annan mai sana'a da ɗan kasuwa suna zaune ne a bakin iska, duk abin da ya taso su yake fara bugu. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, albashin kowa bai ragu ba, amma a tambayi mutanen Ɗan Isa da Ƙonni da Magarya abin da suka gani. Da aka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke sha, har cikin 2024. Masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara suka wuni suna kallon injinansu. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar ta ƙone a 2012, mutum ya kwana da dukiya ya tashi da toka. Ban da lanho da fatanti, ban da masu karɓar kaya su ce sai ƙarshen wata, waɗanda yawancinsu, a yi mini gafara, ma'aikatan nan ne masu sha'awar sana'a. Tela na ganin kuɗi kafin salla biyu da lokacin shiga lakwal, sauran watanni sai facin tsofaffin riguna, gwanjo kuma ya cika kasuwa. Dukawa da majeman Damagaram, waɗanda aikinsu ya yi suna tun kaka da kakanni, takalmin roba ya raba su da masu saye da yawa.

Saboda haka ni ban ga amfanin a tsaya ana auna wanda ya fi wani shan wuya ba. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda muke kai yaro sana'ar, domin a nan ne ɓarnar take. Hanya biyu muka saba da su, duka kuwa ba su da kyau. Ta farko, a cire yaro daga aji yana ɗan shekara tara ko goma, bai iya karanta sunansa da kyau ba, a damƙa shi ga mai gareji. Ta biyu, a bar shi ya yi ta maimaita aji har a kore shi, yana ɗan shekara goma sha bakwai, sa'annan uban ya ja shi da faɗa zuwa wurin kafinta kamar mai kai ɓarawo gidan kaso. Yaron da aka ce wa "tun da ba ka da kai, je ka koyi walda" ya riga ya ji cewa walda aikin marasa kai ce. Da wace zuciya zai koye ta?

In ya shiga kuma, babu yarjejeniya, babu wa'adi. Shekara biyun farko aikinsa sayo shayi da wanke ƙarafa da aiken uwargidan maigida. Wani maigidan mai tsoron Allah ne, yana koyarwa kamar ɗansa. Wani kuwa in an zo wurin da sirrin aikin yake, sai ya aiki yaro sayen goro, don kada gobe ya buɗe nasa wurin a tsallaken titi ya janye masa mutane. An ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga sefa 30.047 zuwa 42.000 tun farkon 2024, amma wannan doka ba ta san hanyar gareji ba. Ɗan koyo abin da ke shiga hannunsa kuɗin abincin rana ne, in an samu. Ya yi shekara bakwai ko takwas, ya iya aikin, a sallame shi da addu'a, babu akwatin kayan aiki, babu takardar da ke shaida abin da ya iya. Daga nan sai kabu-kabu, ko hanyar Libiya da Aljeriya, ko ramukan zinariya irin waɗanda suka ja dubban samari zuwa Jado a 2014. Mun yi hasarar bakanike, ba mu kuma sami ɗan boko ba.

Sana'ar kanta ma ta sake fuska. Motocin da ke shigowa yanzu cike suke da na'ura, sai an haɗa su da kwamfuta take faɗin ciwonta, da Faransanci ko Ingilishi. Mai kafa faranti mai aiki da hasken rana, in bai iya lissafin ƙarfin wutar da gida ke buƙata ba, batir zai ƙone wa mutane. Mai gyaran wayar salula na neman bayanin aikinsa a intanet. Da aka gina matatar man Damagaram, wadda ta soma aiki a 2011, da bututun da ya tashi daga Agadem ya nufi gaɓar tekun Benin, irin waɗannan ayyuka walda suke so ƙwarai, amma ta wanda ke da shaidar ƙwarewa a rubuce. Ko benci na makaranta za a yi wa gomnati, sai mai lambar haraji da ya iya rubuta ƙiyasin kuɗi da takardar biya. Shi ya sa sau da yawa mai takarda ke karɓar aikin, ya kai wa kafinta ya yi, ya ba shi abin da ya ga dama. Alhazan Maraɗi, waɗanda Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, yawancinsu ba su zauna ajin boko ba, da gyaɗa da fataucin Najeriya suka tashi. Amma su ne suka fara gane cewa dukiya in ta girma sai da mai riƙe littafi, suka ɗauki akawu, daga baya suka tura ƴaƴansu karatun kasuwanci. Wanda ke kafa hujja da su don ya hana ɗansa karatu bai dubi abin da suka yi da nasu ƴaƴan ba.

Makarantun koyon sana'a kuwa akwai su. Ga lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, ga cibiyar Kalmaharo a Yamai, ga kolejojin fasaha da cibiyoyin CFM da aka baza cikin garuruwa, ga asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Matsalar ita ce mu iyaye mun ɗauke su juji, inda ake zuba wanda lise ta ƙi. Da wuya ka ji ma'aikaci ya ce ɗansa ya yi na ɗaya a aji, don haka zai kai shi ya koyi aikin lantarki. Ba ina cewa a guje wa jami'a ba. Ƙasar da ke neman likita da ungozoma da malamin lissafi ido rufe ba ta da halin raina dogon karatu, yaron da Allah ya ba kai da naci kuwa zalunci ne a tsayar da shi. Sai dai a tambaye shi me zai karanta, ina kuma waɗanda suka karanta shi shekara biyar da suka wuce suke a yau. Yawancin iyaye ba su yin wannan tambaya, sunan jami'ar kawai ke faranta musu rai a majalisa.

Ga ma'aikaci, babban hutu wata uku ne, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Yaro ɗan kolej da ya yi hutu uku a jere wurin mai gyaran firji ko mai ɗinki, bai rasa komai na karatunsa ba, uban kuma zai ga inda hannunsa ya karkata tun ba a kai ga kora ba. Ƴa mace ma haka, kuma ba dole sai keken ɗinki ba. Ga Alhaji mai kanti da maigidan gareji, a bar yaro ya kai ajin BEPC ko da ba zai wuce nan ba, domin wanda ya iya karatu da lissafi ba a cutarsa a banki ko a duwan.

In kuwa an yanke shawarar kai shi koyo, to a je da shaidu biyu kamar yadda ake zuwa neman aure. A faɗi shekara nawa zai yi, a faɗi abin da za a koya masa a kowace shekara, a yarda cewa za a sake shi ya je darasin yamma ko ya zauna jarrabawar samun takarda in lokacinta ya zo. Uba kuma ya shiga adashi tun ranar, da sunan kayan aikin da yaron zai fita da su. A gidaje da yawa da na sani, uwa ce ke sayar da akuyarta a ƙarshe ta sayi keken ɗinki ko akwatin sifanu, uban da ya yi ta faɗa a majalisa kuwa ya ce wata ya yi nisa.