Kiwon Lafiya: Naƙuda Ba Ta Son Gaggawa

A Icirnawa da ƙauyukan kewaye, in ciki ya shiga wata tara, tsofaffi sukan jiƙa wa mace maganin zaƙi don haihuwa ta zo da sauƙi. Yanzu kuma ga kwalaben man kanumfari da man zurma, wai suna tada naƙuda.

Mai ciki ta yi hattara. Man zurma yana sa zawo da amai, ya bar mace ba ƙarfi ranar da ta fi bukatarsa. Tataccen man kanumfari yana da kaifi, shansa yana iya taɓa hanta. Saiwar da ba a san awonta ba takan matse mahaifa tun ƙofa ba ta buɗe ba, har ta yage, ko ɗa ya galabaita.

Ciki sati 40 ne, wani yakan ɗara kaɗan. In ya kai sati 41, ko naƙuda ta wuce awa 12, maigida ya ɗaura amalanke a tafi gidan likita. In abin ya faskara, su za su tura ta asibitin Matamaye. Ungozoma kuma ta faɗi duk abin da mai ciki ta sha.

Sauri ya haifi nawa.