Rashin Barcin Mata Ciwo Ne, A Nema Masa Magani

Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, to, amma akwai ɗimbin mata a birane da ƙauyukan ƙasar nan waɗanda ɓarawon nan ya ƙaurace wa ɗakunansu. Matar gida ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi. Tsakani kuwa ga jariri mai neman nono, ga zafi, ga sauro. In gari ya waye ta yi gyangyaɗi a bakin murhu, sai a ce son jiki ne. Wannan hukunci bai dace ba, domin likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa rashin barci ciwo ne mai dalili, mai kuma magani.

A 1 ga abin da ya kamata a sani, cikin 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara kowane baligi ya sami barcin aƙalla awa 7 a dare. Wanda ya daɗe yana samun ƙasa da haka yana kusantar hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya. Bincike kuma ya nuna mata sun fi maza fama da rashin barci da kusan kashi 40 cikin 100. Daga cikin dalilan akwai sauye-sauyen jiki lokacin haila, da juna biyu, da jego, da shekarun ɗaukewar haila, sa'ad da gumin dare ke tada mace.

Akwai cututtuka biyu da suka fi ɓuya. Ta farko ita ce rashin natsuwar ƙafafu: da zarar mace ta kwanta sai ta ji kamar kiyashi na yawo cikin ƙafafunta, ba ta samun sauƙi sai ta motsa su. Cutar ta fi kama masu ciki, kuma tana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Ba ƙaramar magana ba ce a nan, ganin binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini.

Ta biyu ita ce ɗaukewar numfashi cikin barci, wato maƙogwaro ya riƙa toshewa, mai barci ya riƙa farkawa bai sani ba. Namiji akan gane tasa da ƙarfin minshari, mace kuwa sau da yawa gajiya da ciwon kai na safe kurum take kawo wa likita, a ba ta maganin zazzaɓi ta koma gida, alhali hawan jini na ta samun gindin zama.

Da wahala ta yi yawa, sai wasu su nufi kantin magani su sayi baliyam ba da takardar likita ba. Ƙwayar nan tana kama jiki, daina ta kuwa sai da wuya. Jikin mace ma ba ya ɗaukar wasu ƙwayoyin kamar na namiji: a 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta rage wa mata rabin ma'aunin maganin barci mai suna zolpidem, daga miligiram 10 zuwa 5, domin yakan daɗe a jininsu.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatun lafiya na jihohi su umarci unguwar zoma da ma'aikatan asibiti su riƙa tambayar kowace mace yadda take barci, musamman ranar awon ciki, su kuma duba jininta. Su ma matan su rage goro da shayi da yamma. Amma babban nauyin yana kan maigida da dangi. Su rataya mata gidan sauro, su karɓar wa mai jego jariri ta runtsa da rana, su raba mata aikin sahur in azumi ya zo. In ta yi wata uku barci na gagararta, a kai ta asibiti.

Lafiya uwar jiki. Gidan da uwar 'ya'ya ba ta runtsa ba, babu wanda zai daɗe cikin jin daɗi a cikinsa. Allah Ya sa masu iko da magidanta su ji, su kuma gyara.