Tsofaffi 233 da ba su da magada

Ƴan uwa, duk wanda ke kallon finafinan Turkiyya ya san iccen nan dogo siriri, mai tsini kamar mashi, kore shar rani da damina, wanda ake jerawa a maƙabartu da bakin hanya. Faransawa na ce masa cyprès, Larabawa su ce sarwu. Asalinsa gabashin tekun Bahar Rum ne har zuwa Iran. Ganyensa ƙanana ne, a manne da reshe, shi ya sa ba ya asarar ruwa sosai, yana jure fari. Katakonsa na da ƙanshi, ba ya saurin ruɓewa. Ga tsawon rai: akwai guda a garin Abarkuh na Iran da ake kiyasin ya kai shekara 4,000.

Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ɓacewa, ta sa wannan icce cikin waɗanda babu fargaba a kansu, duk da wata cuta mai cin ɓawonsa ta kashe da dama a Italiya da Girka. Me ya cece shi? Mutane. Shekaru dubbai ana shuka shi, ana kare gonaki daga iska da shi. Kafin tsoho ya faɗi, ƙarami ya taso.

To, wannan icce yana da ɗan uwa a maƙwabtanmu. A kan duwatsun Tasili Najjer, kusa da garin Janet a kudancin Aljeriya, akwai wani irinsa da Abzinawa ke kira tarut. Ragowar zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa ne. Wasu daga cikinsu sun haura shekara 2,000. Ƙidayar da aka yi a farkon shekarun 2000 ta samu guda 233 kacal a raye a daji. Duk duniya ke nan, in ka cire waɗanda aka dasa a lambunan ƙasashe irin su Faransa da Ostiraliya.

Wurin yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1982. Amma takarda ba ta shayar da icce. Ruwan sama a can bai wuce kusan milimita 30 a shekara ba. Ƴaƴan da suka faɗo da wuya su tsiro, wanda ya tsiro kuma akuya ko raƙumi na jiransa. Matafiya na karya rassa su hura wuta. Tsofaffin suna nan tsaye, gwanin kyau a hoto, amma ƙananan da ke bayansu ƙalilan ne. Shi ya sa IUCN ta sa tarut cikin masu fuskantar barazanar ɓacewa.

Mu ƴan Nijar mun san ƙarshen irin wannan labari. Iccen Tenere shi ma ragowar daji ne, ya tsaya shi kaɗai cikin rairayi, ayarin gishiri na gane hanya da shi. A 1973 kamyo ya buge shi. Yau gawarsa na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinsa kuma an kafa iccen ƙarfe. Kowa na zagin direban. Amma fa ko da kamyon bai zo ba, iccen ba shi da magaji.

Mun kuma san maganin, don a gonakinmu aka gwada shi. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, a zaɓi masu ƙarfi, a gyara su, a kare su daga dabbobi. Masu bincike sun kiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyon 200 suka dawo a kan hekta miliyon 5, gawo a kan gaba. Manoman nan ba su jira kyamara ba. Toho suka tsare.

Mu kuwa na birni, ranar 3 ga Agusta mu sa riga mai tambari, mu dasa, mu ɗauki hoto, mu watsa a Facebook. Wa ke komawa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke gasa ƙasa, ya ga ko dashen na raye? Da yawanmu ba ma iya tuna inda muka haƙa ramin ba.

Ga abin da muke cewa. A daina auna aiki da yawan abin da aka dasa, a auna shi da yawan abin da ya kai shekara 3. Mu tambayi magadan gari da jami'an gandun daji wannan lissafin, cikin ladabi amma ba tare da gajiya ba. Kai kuma, zagaya unguwarku cikin makon nan. Ƙirga manyan itatuwan da kuke shan shayi a inuwarsu, sannan ka ƙirga ƙananan da za su gaje su. In na biyun bai kai na farko ba, nemo ƙaya ko tsohon buhu da sanduna ka kewaye guda, ka ɗauki nauyin ba shi ruwa har damina ta dawo.