Dukiyar Miliyoyi, Gadin Gora da Tocila

Daga Sanyinna zuwa Kebbe, ɗan kasuwa zai cika sito da hatsi ko takin zamani na miliyoyin naira, sannan ya damƙa shi ga dattijo mai gora da tocila, a kan albashin da bai kai kuɗin buhun gero ba. Wannan sakaci ne, ko da an laƙaba masa sunan tawakkali.

Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana masu gadinsu riƙe bindiga. Aikinsu su gani, su sanar. Tunkarar 'yan bindiga irin waɗanda suka afka wa kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 nauyin hukuma ne, kuma wajibi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa su matsa mata lamba.

Amma gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun shekarar ta tona abin da ke wuyan mai dukiya: gyaran wayoyin lantarki, tukunyar kashe gobara, littafin ƙididdigar kaya da za a adana nesa da shago, inshorar takaful, da daina kwana da tsabar kuɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ware wa tsaro kasonsa tun ranar sarin kaya, a kuma biya maigadi haƙƙinsa.