Cikin yaro ya cika, amma bai ci komai ba

1/ Yau maganata da samarin Dirin Daji ce, musamman waɗanda aka fara kira Baba. A ɗan ajiye siyasa da ƙwallo. Kokon da ake ɗura wa yaranmu nake so mu duba.

2/ Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A lokacin babu jihar da ta kai mu. Jihar da ake wa kirari da shinkafa da kifin Argungu fa!

3/ Za ku ce talauci ne da 'yan bindiga. Haka ne. A Sakaba da Danko-Wasagu akwai waɗanda aka raba da gonakinsu, kuma wannan haƙƙi yana wuyan gwamnati. Amma akwai gidan da rumbu ke cike da dawa, an loda gyaɗa an kai kasuwa, ga yaro yana fama da tamowa. Da wannan gidan nake.

4/ Yaro ya cika wata shida, sai a fara ba shi koko tsararo, ruwa-ruwa, a zuba sukari. Safe koko, rana koko, dare koko. Cikin ɗan wata takwas bai fi kofin shayi ba. Ka cika shi da ruwan gasara, ina abincin zai shiga? Ya yi shiru, ciki ya yi tulele, mu kuma mu ce ya ƙoshi.

5/ Gwaji mai sauƙi: ɗebo kunun a cokali ka karkata. In ya zube nan take kamar ruwa, bai yi ba.

6/ Abin haushin, maganin yana cikin rumbunmu. Dawa ko gero mudu 6, waken suya mudu 3, gyaɗa mudu 1. A jiƙa waken a cire masa ɓawo, a shanya, a soya kowanne daban, a haɗa a kai inji. Shi ne ake ce wa Tom Brown, kada sunan ya ruɗe ka, garin kunu ne kawai. Likitocin MSF da ke jinyar masu tamowa a Maiyama ma suna amfani da shi. A dama da kauri, a ɗiga man ja ko man gyaɗa. In an samu garin zogale ko busasshen kifi, madalla.

7/ Don haka in kaka ta yi, kafin ka ɗora buhu a babur, ware wa yaron rabonsa. Gyaɗar da ka sayar da araha a Nuwamba, ita za ka saya da tsada a Yuli, in ma kana da kuɗin.

8/ Sai ƙwai. Wai in yaro ya ci zai zama ɓarawo. To ɓarayin da suka hana mu noma, ƙwai aka ba su? Daga wata shida a dafa sosai, a murƙushe masa. Kai da kake cin indomi da ƙwai biyu wurin mai shayi kullum dare, a rage ɗaya a kai gida mana.

9/ Kafin wata shida kuwa, nono zalla. Ko a zafin Afrilu ba ya buƙatar ruwa, don mafi yawan nonon ma ruwa ne. Dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar, shi ne kariyarsa ta farko daga cuta. Zuma ma a bari sai ya shekara.

10/ Nan ne aikinka yake. Matarka ba za ta iya musu da Inna ba, kunya ba za ta bar ta ba. Kai ne ɗanta. Zauna da ita cikin ladabi ka lallaɓa ta, ba wai ka tsaya a ƙofa kana cewa harkar mata ce ba.

11/ In ka ga ƙafafun yaro sun kumbura, ka danna da yatsa wurin ya loma bai dawo da wuri ba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wallahi ba ƙiba ba ce, ba kuma haƙori ba ne. Ku kai shi asibiti ranar a auna dantsensa. In ma'aunin ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, kunu kaɗai ba zai ɗaga shi ba, sai da magani.