Bahon da Ba a Wanka a Cikinsa

A wasu sababbin gidajen da ake ginawa a Kano da Kaduna da Abuja, akwai wani kaya da mai gida yake saya da tsada, magini ya kafa shi da wahala, daga bisani ya zama wurin jiƙa wanki. Wannan kaya shi ne bahon wanka na Turawa, wani lokaci har da mai feso ruwa da ake kira jakuzi. Duk wanda ya leƙa banɗakin irin waɗannan gidaje shekara guda bayan tarewa, abu ɗaya zai tarar: bokiti a tsakiyar baho, moɗa a cikin bokiti, mai wanka kuma yana tsaye a kan santsi yana lallaɓa ƙafa kada ya zame. An sayi abin kwanciya, ana amfani da shi a tsaye.

Ya kamata a daina wannan asara. Abin da ya dace da gidan Bahaushe shi ne wurin wankan da ake shiga kai tsaye, babu bakin da za a tsallaka, babu dakalin da za a hau, ƙasansa ɗaya da na sauran banɗakin, ruwa yana bin gangare zuwa rariya. A nan za a kira shi shawar daɓe. Masu kantin tayil suna tallata ta a matsayin yayin otal-otal na Dubai, alhali makewayin gidan gargajiya haka yake tun fil azal: daɓe, ɗan gangare, rariya a gindin katanga. Abin da zamani ya ƙara shi ne famfo a sama da tayil a ƙasa.

Lissafin ruwa kaɗai ya isa ya kori baho. Matsakaicin baho yana cin kimanin lita 150 kafin ya yi cikar da mutum zai nutsa a ciki, wato jarka shida ta ɗan garuwa mai lita 25, a wanka ɗaya na mutum ɗaya. A Kano, inda unguwanni da dama suka daɗe ba su ga ruwan Tamburawa ko na Challawa ba, kowace lita sai an tuƙo ta daga rijiyar burtsatse da wutar janareta ko ta sola, ko an saye ta a kura. Shawa kuwa, idan aka ɗauki ma'aunin da dokar Amurka ta 1992 ta gindaya wa kan shawa, ba ta wuce lita tara da rabi a minti ɗaya. Wankan minti biyar bai kai lita 50 ba. Amma kada masu shawa su yi saurin tafi. Wanda ya tsaya ƙarƙashinta minti goma sha shida yana tunanin duniya ya kwarar da abin da baho ke ci, kuma bokiti mai lita 20 ya fi su duka tattali. Saboda haka shawar daɓen da ba a sa mata famfon ƙasa na tarar bokiti da buta ba, rabin aiki ce.

Ta fuskar ibada ma baho baƙo ne. Wankan tsarki yana buƙatar ruwa ya game jiki tare da cuɗawa, kamar yadda malaman Malikiyya suka wajabta, kuma an hana mai janaba yin wanka a cikin ruwan da ba ya gudu. Ma'aunin da aka ruwaito daga Manzon Allah (SAW) shi ne mudu ɗaya na alwala, sa'i ɗaya zuwa mudu biyar na wanka, abin da bai kai lita biyar ba. Mai jego kuma, wadda ake kai wa ruwan zafi da ganye tana zaune a kan 'yar kujera, fili take buƙata a ƙasa, da wurin da mai taimaka mata za ta tsaya.

Sai dai babbar hujjar tana jikin tsofaffi. Gidan Bahaushe mai hali ba na mata da miji da 'ya'ya ba ne kawai. Ko ba yau ba, wata rana Hajiya za ta dawo gidan ɗanta, ko Baba ya zo jinya daga ƙauye ya shafe watanni. Bakin baho ya kai kusan rabin mita daga ƙasa. Tsallaka shi yana nufin tsayuwa da ƙafa ɗaya, jiƙaƙƙiya, a kan abu mai sabulu, ga mai ciwon gwiwa ko wanda jiri ke ɗauka idan ya miƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya cikin mace-macen da tsautsayi ke jawowa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa. Karayar ƙugu ga dattijo sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi. Ɗan da ya kashe miliyoyi ya kai mahaifiyarsa asibiti a Alkahira, shi ne kuma ya gina mata banɗakin da sai ta yi tsalle kafin ta yi wanka. Ai ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin lura, wannan fasali ya samu ƙa'idojinsa ne daga hidimar masu rauni. Ka'idojin da suka biyo bayan dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 sun tanadi cewa wurin wankan da keken guragu zai shiga kada ya gaza inci 30 a faɗi da inci 60 a tsawo, wato kimanin santimita 76 da 152, a kuma kafa ƙarfen dafawa a bango tsakanin santimita 84 da 91 daga ƙasa. Masu kwaikwayo a nan sun ɗauko gilashin da fitilun, sun bar ƙarfen dafawar, wai yana sa banɗaki ya yi kama da na asibiti.

Masu sukar shawar daɓe suna da abin faɗa, kuma yawancinsa gaskiya ne. Ruwa yana fantsama ko'ina, ya jiƙa gindin masai, wanda ya shigo da safa ya fita da jiƙaƙƙiya. Da hunturu, wurin da ba a rufe ba yana da sanyi, domin tururi ba ya tsayawa. A gidajen bene, yoyonta yana ɓulla a silin ɗin falo, fenti ya kumbura, bangon ɗakin da ke maƙwabtaka ya yi baƙi da danshi. Wasu kuma wari ke tasowa daga rariyarsu. Ban da sanyin hunturu, wanda labule ko ruwan ɗumi ke ragewa, duk sauran laifin aiki ne, kuma tushensu ɗaya: mai gida yana zuba kuɗi a abin da baƙo zai gani, yana ƙoro a abin da za a binne.

Baho tukunya ce da aka ƙera a masana'anta, ko birkila bai iya aiki ba za ta riƙe ruwanta. Shawar daɓe kuwa a wurin ake gina ta, kuma ingancinta yana hannun wanda ya shafe simintin. Gangaren da ake buƙata kimanin santimita biyu ne a kowace mita, kuma dole a tsara shi tun kafin a zuba kankare, a sauke ƙasan wurin wankan ƙasa da na ɗakin. Idan aka tuna da shi bayan an gama, sai mai tayil ya ɗaga sauran banɗakin, a wayi gari da dakali a bakin ƙofa, wato abin da aka gudu tun farko. Manyan tayil masu sheƙi, waɗanda ake so domin sun yi kama da marmara, ba sa lanƙwasawa su bi gangare, kuma da sabulu ya taɓa su sun zama tarko. Ƙananan tayil masu kaushi su ne na ƙasan wanka, domin yawan layukan da ke tsakaninsu yana riƙe tafin ƙafa. Tayil kuma ba ya hana ruwa ratsawa. Ta layukan nan yake tsatsa. Abin da ke tsare bene shi ne shafen hana yoyo da ake yi a ƙarƙashi, a ɗaga shi ya hau bango. Shi ne abu na farko da ake sokewa idan ana rage kuɗin aiki, tunda ba wanda zai gan shi ranar tarewa. Warin rariya ma dalilinsa sananne ne: an jona bututu kai tsaye zuwa ramin ƙazanta ba tare da lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa ta toshe hanyar iska ba.

Gilashi kuwa ado ne mai neman hidima. Ruwan burtsatse mai gishiri yana bar masa farin tabo da sai an goge kullum. Wanda aka gasa a masana'anta idan ya fashe yana marmashewa ƙanana. Gilashin taga da wasu ke yankowa a kasuwa su kafa a banɗaki yana tsagewa kamar wuƙaƙe, a wurin da mutum yake tsirara. Rabin katanga ta bulo mai tayil tana tare fantsama, ba ta fashewa, kuma ana iya dafa ta.

Haka nan faffaɗan kan shawa mai zubo ruwa kamar mamakon Agusta. Tsawon mita goma ne ke ba ruwa ƙarfin da injiniyoyi ke aunawa da ba ɗaya, tankin da ke mita uku sama da kan shawa kuwa bai ba da sulusin haka ba. Sakamakon shi ne faranti mai faɗin tire yana ɗiga kamar rufin da ke yoyo, mai gida kuma ya koma ga bokitinsa.

Akwai masu cewa baho na da amfani wajen yi wa yara wanka. Robar wanka ta kasuwa tana yin wannan aikin, a ɗauke ta a kife idan an gama, kuma ba ta zama tafkin da ɗan rarrafe zai faɗa ciki ba. Akwai masu cewa gida ba ya daraja a idon mai saye sai da jakuzi a ɗakin mai gida. Wannan ita ce hujjar da ta rage, kuma hujjar dillali ce, wanda ba shi zai yi wanka a gidan ba.

Mai ginin da ya zaɓi shawar daɓe yana da gwaji biyu da ba sa buƙatar digirin injiniya. Bayan shafen hana yoyo, kafin a ɗora tayil, a toshe rariya, a tara ruwa a wurin ya kwana ya wuni, a sauka ƙasa a duba silin. Bayan an gama tayil kuma, a kwara bokiti guda daga bakin ƙofa a tsaya a ga inda ruwan ya nufa. Idan ya taru a lungu ko ya doshi ɗakin kwana, a riƙe cikon kuɗin mai aiki har sai ya ɓamɓare ya sake.